Yadda Na Koyi Ɗaukar Inna

Gaya, 20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yayana Zakariya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Barira da yara duka. Allah Ya ƙara maka rufin asiri, Ya sa iskar teku ta daina tayar maka da tarin nan. Mu nan lafiya muke. Ruwa ya ɗauke yau sati biyu, an fara yankan gero, shinkafar fadama ta sunkuyar da kai. Inna tana cin tuwonta, tansiyonta ya sauka, bakinta ya ƙara sakuwa. Ɓarin hagu dai yana nan yadda ka sani, hannu da ƙafa ba sa amsa kira.

Na zaɓi takarda ne maimakon waya, don a waya kai kana sauri, ni kuma ina jin nauyinka, sai mu rabu ba a faɗi abin da ya kamata ba. Ina roƙonka ka karanta ta a zaune.

Ka tuna maganar da muka yi bayan ƙaramar salla. Inna ba ta yarda namiji ya taɓa ta, ba ta yarda baƙuwa ta ga jikinta. Mu biyu ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera da wurin wanka, ni da Hajara ƴar ƙaninta, Hajara kuwa dole ta koma Karakara da kaka. Ka ce idan ta tafi ba a sami mai ɗaga Inna ba, za ka aiko a ƙetare da ita zuwa wurinka a Kwatano, inda akwai Barira da ƴanmata uku. Ban yi maka musu ba, don gaskiya ka faɗa. Shekarata hamsin da uku, ashirin da shida daga ciki a kan kujera na yi su a Yamai ina gyaran rubutun jarida. Bidon ruwa ma, jarka guda, sai an kama mini. Amma da na sanar da Inna, sai ta juya fuska bango har kwana biyu. A nan na ƙudura cewa kafin kaka ni kaɗai zan ɗauke ta.

Na kai maganar wurin Madam Indo, wadda ke zuwa tana motsa wa Inna gaɓoɓi. Ta matsa damtsena da yatsa biyu, ta ce wannan ba hannu ba ne, lagwanin fitila ne. Sannan ta yi mini bayani. Ta ce idan jini ya ɗauke wa mace, naman jikinta da ƙashinta suna zaizayewa a hankali ba ta sani ba, kuma yawon safe kaɗai ba ya mayar da su. Sai an ba tsoka nauyin da za ta yi kokawa da shi, sau uku a sati, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana cin wake da kifi, ana barci. Na nemi duk abin da zan iya karantawa a kan batun, na ga bakinsu ɗaya da ita. Shekaru ba sa hanawa, jinkiri kawai suke sawa.

Saura abin ɗagawa. Akwai inda samari ke ɗaga ƙarafan mota a bayan tasha, amma ka san ba wurina ba ne. Ina cikin tunani a kasuwa sai idona ya faɗa kan kayan Labo, mai kawo gishirin Foga daga wajen Yelu. Ka san yadda suke naɗe shi cikin kaba, dogo, da wurin riƙo kamar don hannu aka yi shi. Na sayi uku, na kai ma'aunin mai shinkafa: ƙanana biyu kilo shida-shida, babban kilo goma sha takwas. Ban faɗa wa Labo abin da zan yi da su ba, kunya ta hana ni. Na jera su a ƙasa cikin tsohuwar rumfar bayan gida.

Yaya, da ma ka ga safiyoyin nan. Tun da sojoji suka rufe gadar kan iyaka, Gaya ta zama wani gari dabam da asuba. Babu gurnanin manyan motocin kamyo, babu hayaƙi. Nakan idar da salla in shiga rumfa, gari shuɗi-shuɗi, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, ana jiyo filafilan masu jirgi daga nesa. Ina ɗagawa ina saukewa, hankalina sai ya tafi. Sai in ga Inna tana hawowa daga kogi da tulu a ka, ni a bayanta, kai kana gaba kana jan gwangwani da zare. Sai in ji dakan gidanmu na da, taɓarya uku cikin turmi ɗaya, ana jefa ta sama a tafa a cafe. Matan nan ba su taɓa jin sunan motsa jiki ba, amma dubi bayansu yadda yake a miƙe har tsufa. Mu da aka kai lakwal karatun boko, an sauke mana tulu, muka yi murna, ba mu san an haɗa da wani abu an sauke ba. Har mafarki na riƙa yi, ina tafiya bisa kogi da gida guda a tafin hannuna, ba nauyi ko kaɗan.

Kuma abin ya yi ta tafiya kamar mafarkin. Farkon Yuni babban dunƙulen da ƙyar nake raba shi da ƙasa. Tsakiyar Yuli ina kai shi ƙirji sau goma. Da Agusta ta kama, da hannu ɗaya nake lilo da shi. Hajara tana leƙowa tana cewa Anti ta kusa shiga kokawar ƙasa, a fara neman makaɗi. Ni kuwa na yarda. Ni da ban taɓa barin lamba ta wuce ni a takarda ba sai na duba ta sau biyu, ban koma ma'auni ko sau ɗaya ba, don labarin ya yi mini daɗi.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka, ka yafe ni. Wata Juma'a cikin Agusta na aiki Hajara kasuwa da gangan, na ce wa Inna yau ni kaɗai zan mayar da ita kujera. Na sunkuya, na rungume ta, na ɗaga. Ta rabu da gado kamar taƙi ɗaya, sai bayana ya riƙe, gwiwoyina suka saki, muka zame tare zuwa tabarma. Allah Ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Amma ban iya tashi ba, ita ma ba ta iyawa. Haka muka kwanta kafaɗa da kafaɗa muna kallon rufi, ruwa na yayyafi a kan kwano. Can sai ta ce rabonta da kwanciya kusa da ni haka tun ranar da ta yaye ni. Muka yi dariya. Da dariyar ta ƙare, sai ta tambaye ni a hankali ko an riga an yi maganar jirgin da zai ƙetare da ita. Ban taɓa jin muryarta ƙarama haka ba.

Kwana uku bayan haka Labo ya biyo ta unguwarmu, na shigar da shi rumfa don in sayi wanda ya fi girma. Da ya ga dunƙulen a ƙasa sai ya kama baki, sannan ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce Hajiya, wa ya gaya mini ana ajiye gishirin Foga a ƙasa da damina? Ko jariri a garinsu ya san gishirin nan kuka yake yi idan ya ji danshi, shi ya sa ake rataye shi saman murhu inda hayaƙi. Ya nuna mini ƙasan wurin ta yi fari fat, ya nuna mini gindin katanga inda awakin maƙwabta suka lashe har ya yi rami. Ya ce ko ba komai na yi sadaka, awakin unguwa za su yi mini shaida. Na ɗauki babban na kai ma'auni. Kilo tara da rabi. Kaba tana nan yadda take, cikinta ne ya tsiyaye. Wata uku ina murnar na yi ƙarfi, ashe gishiri ne ke ramewa.

Ranar na so in kira ka in ce ka aiko. Maimakon haka ƙafata ta kai ni bakin kogi, inda jirage ke sauke kayan da a da gada ke ɗauka. Na zauna ina kallon mata masu dako. Cikinsu akwai wata Badandiya, Ajuma, ta girme ni da shekara bakwai ko takwas, siririya kamar taɓarya, amma sai ta tunkari buhu, ta sauka, ta tashi da shi kamar tare aka halicce su. Na jira ta huta, na gaishe ta, na faɗa mata damuwata. Ta kira abokan aikinta, ta ce su zo su ga ikon Allah, ga ƴar lakwal tana neman a koya mata abin da su kullum suke roƙon Allah Ya raba su da shi. Ta ajiye mini ƙaramin buhu ta ce in ɗaga. Ina sunkuyawa ta buge mini baya, ta ce allura na yar ne da nake neman ta a ƙasa? Ta ce baya ba ya ɗaukar kaya, rakiya kawai yake yi. A buɗe ƙafa, a tsuguna kamar za a hura wuta, a rungumi kaya kamar mijin da ya shekara a tafiya, a cika ciki da iska, sannan a tura ƙasa da dunduniya. Ta ce kada in yi tunanin ɗaga kaya, in yi tunanin ture duniya ƙasa.

Daga nan na sake sabon farawa. Na cika bido da yashin kogi, shi ba ya kuka da damina, kuma duk Asabar sai ya hau ma'auni kafin in yarda da shi. Madam Indo ke faɗin sau nawa da yaushe za a ƙara, Ajuma ke biyowa bayan la'asar ta gyara mini tsayuwa, ta sha fura, ta yi wa Inna hira da Dandanci. Wannan karon babu tashi sama. Kilo goma sha biyu, sati biyu ina wurin. Goma sha biyar. Cinyoyina suka yi tsami har sujada ta zama aiki. Sai wata safiya na lura na tashi daga zaman tahiya ban dafa ƙasa ba. Wata rana kuma na sauke bidon ruwa daga kura, sai da na kai shi madafa na tuna a da kama mini ake yi. Barci ya dawo mini irin na ƙuruciya. Ashe ƙarfin gaske ba ya sallama, sai dai ka waiga ka tarar da shi a zaune.

Hajara ta tafi yau kwana tara. Tun ranar ni kaɗai ke ɗaga Inna, sau biyar a yini, daga gado zuwa kujera, zuwa wanka, zuwa inuwar darbejiya. Madam Indo ta tsaya ta kalle ni sau biyu, ta ce ta gamsu. Kana iya kiranta ka tambaya, na ce mata kada ta rage maka komai.

Ranar Alhamis da ta wuce, da sassafe, Inna ta ce tana son ganin kogi. Rabonta da shi tun kafin ciwon. Kujerarta ba ta bin yashin lungunmu, sai na tuna dabarar da Ajuma ta taɓa nuna mini. Na zaunar da ita bakin gado, na juya mata baya, na tsuguna, na ɗaure ta da zane biyu da majanyi, na tura ƙasa da dunduniya. Muka tashi. Ta ce in lulluɓe ta da mayafi, kada a ce tsohuwa ta koma shan nono. Taku saba'in da huɗu ne daga ƙofarmu zuwa tudun bayan gida. Ina jin numfashinta a ƙeyata, hannunta na dama ya damƙe kafaɗata, tana cewa in rage rangaji, ba raƙumi ta hau ba. Nauyinta bai ragu ba ko kaɗan a hanya, duk kilo arba'in da ukun na ji su, kuma na kai su.

A kan tudun tururi na tashi daga ruwa, jirage na fitowa daga cikinsa ɗaya-ɗaya kamar ba kowa ke tuƙa su ba. Balbelu sun jeru a kan gadar da ba mai hawa. Ta yaye mayafin da kanta. Ta fara nuna mini wurare da haɓa: inda suke wanki suna amare, inda dorina ta taɓa kife jirgin masu albasa, inda Baba ke ɗaure nasa. Ba ni take faɗa wa ba, ina jin wurin take gaisarwa. Mun daɗe. Ban sauke ta ba, ita ma ba ta ce in sauke ta ba.

Yaya, ba na cewa zan iya har abada. Ranar da na ji ƙarfina ya fara gazawa, kai za ka fara ji, kuma a ranar, ba bayan wata biyu ba. Kai ne babba, hukunci naka ne, abin da ka yanke za mu bi. Roƙona dai ka bar ta a ɗakinta.

Da muka dawo na ce mata zan rubuto maka, ko tana da saƙo. Ka san ba ta kama sunanka, kai ɗan fari. Ta ce a faɗa wa mai gidan Barira ta gode, Allah Ya yi masa albarka, Ya ba shi masu yi masa. Amma jirgin da zai iya ƙetarewa da ita, ai zai iya ƙetarowa da shi. Ta ce tana nan.

Ka gaishe mini da Barira da kyau, ka ce mata na san ta riga ta share ɗaki, Allah Ya saka mata da alheri. A gaishe da Zalika da ƙannenta, da Rabo idan ya zo hutu. Madam Indo tana gaishe ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Yalwa