Zuwa Ga Yaya Asabe, Kan Addinin Da Safiya Ta Shiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Asabe.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ni ce Talatu. Mutanen gida duk suna nan ƙalau, ni ma ina nan ina fama da 'yan firamarena. Na san takarda ba ta shiga kabari. Amma maganar da ke cina ba ni da wanda zan yi ta da shi sai ke, domin 'yarki ce.

Tun da kika tafi Ingila aikin nas kika auri Baturen nan, kika haifi Safiya a can, ba mu san ta sosai ba sai a hoto. Da ciwo ya ci ƙarfinki kika ce a kawo ki gida, garinmu Lafiya, kika bar ta wurin ubanta saboda jarrabawa, kina cewa za ki koma in kin ji sauƙi. Da safe kika cika, kafin la'asar an kai ki. Sai da aka dawo daga maƙabarta maigidana ya je wurin masu wayar kuɗi ya buga musu.

Bayan wasu shekaru ta zo mana, ƙarshen damina, sabuwar doya ta cika kasuwa. Da ta sauko daga kan acaɓa da jaka a baya sai da na dafa ƙyaure. Wushiryarki ce, tafiyarki ce, har karkatar da kan nan da kike yi in kina sauraron mutum. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ina wuni," da 'yar Hausar da kika koya mata, wadda ba ta raba namiji da mace. Na ce kar ta damu, rabin kasuwar Lafiya ma kowa "ya zo" ne.

Na ga ba ta tashi salla. Na ɗauka fashi take yi. Da abin ya wuce lokacin fashi, wata rana da yamma muna ɓarar agushi a tsakar gida, na tambaye ta a hankali. Ta ajiye wanda ke hannunta ta ce, "Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba na salla. Addinina sunansa Wika."

Ban taɓa jin sunan ba. Na ce wani coci ne? Ta ce a'a. Na ce bori ne irin na Turawa? Ta ce ba mai hawa kan kowa. Daga nan ta shiga yi mini bayani, rabi da Turanci rabi da Hausa, fuskarta a sake kamar mai ba da labarin gidan miji mai daɗi.

Yaya, bakina nauyi yake yi, amma bari in faɗa miki yadda ta faɗa. Ta ce abin bautarsu biyu ne, mace da namiji. Macen tana da fuska uku kamar yadda wata yake sauyawa: in jinjiri ne budurwa ce, in ya cika uwa ce, in ya fara raguwa tsohuwa ce. Wasu suna ce mata Dayana, wasu Hikati, ita Uwa kawai take ce mata. Namijin kuma yana da ƙaho mai rassa, suna ce masa Karnunos. Na ce, "Innalillahi, Safiya, ai Shaiɗan ke nan." Ta girgiza kai ta ce su ba su da Shaiɗan a cikin nasu, wai shi ne mai daji da namun daji, yana mutuwa bayan girbi a sake haifarsa a tsakiyar sanyi.

Ta ciro sarƙar wuyanta ta nuna mini tauraro mai tsini biyar a cikin zobe. Ni duk kwanakin nan ado na ɗauka. Ta riƙa taɓa tsinin ɗaya bayan ɗaya: ƙasa, iska, wuta, ruwa, rai. Ta ce ba su da yawa a ƙungiyarsu, kobin suke ce mata, suna haɗuwa a gidan wata tsohuwa in wata ya cika. Dokarsu kada ka cuci kowa, domin duk abin da ka aika zai dawo maka ninki uku. Na ce wannan ai ko a Islamiyya an koya mana kusan haka, me ya kai ki nesa nema?

Kafin ta amsa sai ta ƙara da cewa su da bakinsu suna kiran kansu da kalmar Turancin nan da mu muke fassarawa da mayya. Ban san lokacin da na rufe mata baki da tafin hannuna ba. Kin san garinmu. A shekarar ma an ƙone wa wata tsohuwa ɗaki a wani ƙauye wajen Kwandere saboda jikan maƙwabcinta ya kira sunanta cikin zafin zazzaɓi. Na ce, "Ko a mafarki kada kalmar nan ta sake fita daga bakinki a garin nan." Ta ce a wurinsu ma'anarta mace mai sanin ganye da lokutan wata. Na ce a nan ma'anarta duwatsu da fetur.

Washegari ta ba ni amsar tambayata. Ta ce ranar da aka buga waya, uban ya shiga ɗaki ya rufe, ita kuma ta zauna a kicin ba ta san abin da ake yi ba in uwa ta mutu. Ba gawa, ba zaman makoki, ba wanda ya zo ya ce mata ta yi haƙuri. Masallacin da kike kai ta yana wani gari, ba ta san kowa ba a can in ba ke. Wata ƙawarta ce ta kai ta gidan tsohuwar nan. Tsohuwar ba ta tambaye ta komai ba, ta ɗora kanta a cinya ta bar ta ta yi kuka har ya ƙare.

Yaya, a wannan lokacin mu nan tsakar gida a cike take da mata, ana dama kunu, ana karɓar gaisuwarki. Tabarma ba ta ishe mu ba har sai da muka aro. Ita kuma tana can ita kaɗai a kicin. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Na je wurin malamarmu ta Islamiyya, ban faɗi suna ba, na ce wata ce take tambaya yadda za ta yi da 'yar yayarta da ta bar Musulunci. Ta ce ba a yanke zumunci, ba a kuma taya mutum shirka, a yi ta addu'a. Na dawo da abin da na tafi da shi.

Ashe zuwan nata da dalili. Ta ce a ƙarshen watan Oktoba suna da biki mai suna Sawin, ranar tuna matattu, wai a ranar labulen da ke tsakaninmu da ku yakan yi shara-shara. Tana so a kai ta kabarinki. Maigidana ya ce mata mace ba ta shiga maƙabarta a nan, kuma ko da tana shiga, damina da yawa ta bi ta kai, shi kansa ɓangaren kawai ya sani. Ta dube shi ta ce, "Ba suna? Ba dutse?" Ya ce babu. Ta koma ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba.

Sai ta roƙe ni abu ɗaya: in dafa abincin da kika fi so, mu zauna mu biyu, a zuba kwano na uku a bar miki wuri a tabarma. Na daɗe ina juya abin. Na ce a raina girki ai ba bauta ba ne, in an gama sai in ba da kwanon sadaka ladan ya kai gare ki. Na daka sakwara, na yi miyar riɗi da busasshen kifi, da yaji sosai yadda kike so.

Muka shimfiɗa a bayan ɗaki kafin magariba. Ban san za ta kunna kyandir ba, ban kuma san za ta ɗebi gishirin garin Awe daga kicin ta zagaye tabarmar da shi ba. Ta ce da'ira ce, don a tsarkake wurin. Na so in tashi, sai na ji ta ce, "Mama." Na zauna. Ta riƙa kiran sunanki tana gaya miki ta gama jami'a, ta koyi tuƙi, ta riƙe miki tukunyar nan mai murfin gilashi. Ni kuma ina karanta miki Ƙulhuwallahu a zuci, ina istigfari a tsakani. Har yau ban san ko zunubi na ɗauka a zaman nan ko lada ba.

A haka Maman Iliya, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta leƙo aron rariya. Ta ga kyandir da rana, ta ga gishiri, ta ga kwano cike ba mai ci. Ta ce, "Au, sorry, kuna da aiki," ta juya ba rariyar.

Cikin satin ƙaramar 'yar Maman Iliya ta kamu da zazzaɓi har da jijjiga. Aka tuna Safiya ta taɓa ba yarinyar cakulan. Mata suka daina zuwa ɗiban ruwa rijiyarmu. Na je kasuwa mai kayan miyar da na saba da ita ta zuba mini canji a tire don kada hannunmu ya haɗu. Samari suka fara zama a kan dakalin da ke fuskantar ƙofarmu, ba sa magana, kallo kawai. An kai yarinyar asibiti aka ce maleriya ce, ta warke sarai. Maganar ce ba ta warke ba. Aka ce ai Baturiyar mayyar ce ta ji tsoro ta saki kurwa.

Maigidana mutum ne mai haƙuri, kin san shi. Ya kira ni ya ce, "Talatu, ba zan iya tare unguwa da hannu biyu ba. Ta tafi tun ana kallo kawai." Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Na raka ta tasha na sa ta a motar Abuja, ta lulluɓe da mayafina, sarƙar a cikin riga. Ta so ta je ta yi wa Maman Iliya bayani, na hana. Direba yana ɗaure kaya ta leƙo ta taga ta ce, "Inna, Mama tana fushi da ni?" Na ce uwarki ba ta iya dogon fushi ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.

Tun daga nan takan kira ni a wayar hannu, ta tambayi kowa da sunansa. In za ta kashe sai ta ce albarka ta tabbata a gare ni, haka suke sallama a addinin nasu. Nakan rasa ko in ce amin. Wa take roƙo ya sa mini albarkar?

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kiran da ta yi kwanan nan. Ta sami miji, ɗan ƙungiyarsu. Ba masallaci ba coci, a cikin kurmi za a yi, a watan Mayu, ranar wani bikinsu Biltan. Ɗaurin hannu suke ce wa auren: za a haɗa hannunta da nasa a naɗe da igiya. Ta ce akwai wurin da uwa ke tsayawa, ita ke miƙa igiyar. Za ta nema mini biza, za ta sayi tikiti. Ta ce, "Inna, ba ni da wata uwa sai ke."

Na ce mata sabis ba kyau, ba na jin ta sosai. Ina jin ta sarai.

In na je, da wane ido zan tsaya a sallar asuba bayan na miƙa 'yarki da hannuna a gaban mai ƙaho? In ban je ba, tsohuwar nan ce za ta sake tsayawa a wurinki. Ke ce mai yanke magana a gidanmu tun muna yara, ni mai bi ce. Yanzu wayar tana ƙara a kan tebur, in ga lambar ƙasar waje, in zauna ina kallonta har ta yi shiru. Jiya ma ta kira.

Ya Allah, Ka gafarta wa Asabe, Ka haskaka kabarinta. Ka dubi marainiyar da ta bari, Kai ne Ka san inda zuciyarta take, mu ba mu sani ba. Ka shiryar da ita da hannu mai taushi, Ka tsare ta daga sharrin mutane a can da nan. Ni kuma Ka sa mini kalmar da zan faɗa a bakina, domin gobe in ta kira zan ɗauka.

Ki huta lafiya, Yaya.

Ƙanwarki da kika goya,
Talatu
Lafiya, 2010