Madubin Rakiya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Yamai?

Ranar Talata bayan la'asar, zazzaɓi ya raba mu da 'yarmu Rakiya. Mai ita ya karɓi abarsa.

Da ta fara tafiya, na gyara gidan daidai tsayinta da abin da ke hannu. Na naɗe kusurwoyin gado da tsumma, na ɗaure murfin randa, na kafa mata madubi ƙasa-ƙasa. Yanzu in na wuce, gwiwoyina kawai nake gani, amma sai na tsaya. Uwarta ta ce, "Malam, don Allah ɗaga shi, ni ma dubawa nake."

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Har yau ban ɗaga madubin ba, ban goge shatin yatsunta ba.

Ƙanenki, daga Agadas.