Irin Sabulunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahama a makwancinki, na zo miki da labarin wata tukunya. Na san idanu da yawa za su bi ta kan wannan takarda, amma da ke nake magana.

Jikarki Zainabu ta haihu a Kaduna, mace, kuma sunanki za a sa mata. Ta aiko mini da wata roba mai famfo a ka, irin wadda in an danna sai kumfa ta fito. Ta ce in yi sabulun salo irin naki, in narka in zuba a ciki, duk wanda zai ɗauki jaririyar ranar suna ya fara wanke hannu da shi. Ni kuwa na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Kin san ni da cika baki.

Tun da muka baro ƙauye muka dawo cikin Birnin Gwari ban ɗora tukunyar sabulu ba. Ɗaki ɗaya nake haya, ni kaɗai, murhun ma na aro ne. Kaɗanyar da muke tsinta a bakin daji bayan Kakangi tana can tana zuba, ba mai iya zuwa. Kabarinki ma yana can, ban sake ganinsa ba.

Maman Ladi, Bagwariyar nan maƙwabciyarki, ita ma tana nan gari wurin ɗanta. Ta tsufa ƙwarai, Inna, sai da sanda. Ita ta kawo mini man kaɗe a kwano, ta ce ragowarta ke nan. Na roƙi karan dawa na ƙona, na tace tokar a tukunya mai huji, na ɗanɗana ruwan da bakin harshe kamar yadda kike yi. Ya cije ni, na ce madalla.

Amma ina! Na ɗora, na juya har kafaɗata ta sage, mai yana sama, ruwan toka yana ƙasa, kowa ya ƙi kowa. Na zubar, na sake, haka dai. Na zagi icen, na zagi tukunyar, har muciya sai da ta sha nata. Man da ya rage bai wuce na tukunya ɗaya ba, ga suna ya matso.

Ba wai ban san abin da ya rage ba ne. Ina tuna ki a gindin mangwaron gidanmu, kin ɗaure zani a ƙirji, hayaƙi yana sa ki hawaye. Kafin tukunya ta tafasa sai ki gutsuro tsohon sabulu ki jefa. Kikan ce, “Ke wannan, kada ki taɓa ƙarar da sabulu ƙaf. Bar na iri, shi ke haɗa mai da toka.” Ke wannan. Har kika bar duniya ba ki kira sunana ba, kunyar 'yar fari.

Ina da iri, Inna. Ranar da muka fito a guje, mutane suna ɗaukar tabarma da awaki, ni gwangwaninki na ɗauka. Ɗan curi ɗaya ne a ciki, bai kai ƙwan zabuwa ba, na tukunyarki ta ƙarshe. Kin dunƙula shi da ɗumi, shatin babban yatsanki ya zauna a jiki. Ba ni da hotonki, zannuwanki sun ƙone da ɗakin. In kewa ta dame ni sai in buɗe gwangwanin in ɗora yatsana a gurbin naki. Abin da na mallaka ke nan.

Na gwada wayo. Na sayo sabulun kasuwa in yi iri da shi, na shinshina, turare ne kawai da kala, na ajiye. Maman Ladi ta leƙo ta ga tukunya a sauke, ta dube ni ta ce, “'Yata, uwarki ba don kallo ta bar shi ba.” Raina ya ɓaci, ko rakiya ban yi mata ba. Ta dai faɗi gaskiya.

Jiya bayan azahar na hura wuta. Na zuba sauran man, na zuba ruwan toka, na buɗe gwangwani. Na daɗe riƙe da curin, har wuta ta fara ja baya. Na yi bisimilla na jefa. Ina kallo shatin yatsanki ya yi laushi, ya baje, ya ɓace. Wallahi na yi kuka kamar ranar da aka binne ki.

Na ci gaba da juyawa hanya ɗaya, yadda kika koya mini. Can sai tukunya ta yi kauri, ta haɗe, ta soma tasowa, ƙamshin nan na hayaƙi da kaɗe ya cika tsakar gida. Da ya huce na narka kaɗan a ruwan ɗumi, na tace da tsumma mai tsabta, na zuba a robar Zainabu. Na danna, kumfa ta cika mini tafi, fara sol, ba ta cizon fata.

Na waiwaya in ce miki ki duba. Bango ne kawai a bayana, da kajin masu gida.

Gobe zan bi mota zuwa Kaduna. Hannun da zai fara ɗaukar takwararki da sabulunki zai wanku. Na kuma dunƙula ɗan curi da ɗumi, na danna yatsana, na saka a gwangwaninki na rufe. Shatin bai kai naki zurfi ba, amma akwai iri.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya wanke ki tas, Ya haskaka kabarin nan da ba na iya zuwa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya takwararki.

Taki har kullum,
“Ke wannan.”