Itatuwan Kadidiya a Fakon Kakanmu

Tawa, ranar Litinin

Zuwa ga Baba Lawali, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali duka, Ya kuma ƙara wa kasuwa albarka. Mu nan sai godiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, yayata Maryam ta sauka lafiya an samu ɗiya mace, ni kuwa digirina na shari'a yana kwance cikin akwati, ina jiran aikin da bai zo ba. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, ruwa dai bai sauka ba tukuna.

Baba, wani al'amari ne mai ƙona rai ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san fakon nan na yamma da ƙauyenmu, kan hanyar Bambeye, wanda a da ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da marigayi mahaifina ya ba Almoustapha aronsa. Da Almoustapha ya rasu, matarsa Kadidiya ta ci gaba. Ita da ɗiyanta suka yi ta haƙa tassa, wato ramukan shuka masu riƙe ruwa, cikin zafin rani, rami bayan rami, suna ɗauko taki a ka, suna jera duwatsu don tare ruwa, har matacciyar ƙasa ta farfaɗo. Bara ta cika rumbu da hatsi. Ta bar gawo ya tsiro, ta dasa magarya da zogale a gefe.

Ranar sunan ɗiyar Maryam, da dattawan gida suka hallara, sai na miƙe na gabatar da shawarar a mallaka wa Kadidiya fakon a rubuce, tunda guminta ne ya mai da shi gona. Na yi bayani a kan daidaiton ƴan ƙasa, da mutuncin ɗan Adam, da haƙƙin wanda ya raya ƙasa. Ƙanenka Baba Ciɗo ya bari na gama tsaf, sannan ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya taɓa ganina riƙe da hauya. Aka yi dariya. Ya ce wanda har yau tukunyar uwarsa ke ciyar da shi ba ya rabon ƙasar kakanni. Ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali: wai kakannin Almoustapha bayin kakanmu ne, kuma irinsu ba su mallakar ƙasa. A wannan zamani, Baba, fiye da shekara ashirin bayan dokar ƙasa ta sa bauta cikin manyan laifuffuka! Wannan wariya ce tsantsa, danniya ce da aka lulluɓe da rigar al'ada, kuma a gidanmu take zaune.

Washegari Baba Ciɗo ya tafi fakon ya ƙirga itatuwa arba'in da uku. Ya dawo ya tuna wa kowa ƙa'idar da ka sani, cewa mai aron gona ba ya dasa itace, domin dasa itace da'awar mallaka ce. Ya yanke hukunci za a sare su duka ranar Asabar mai zuwa, kafin shuka, in ya so ta ci gaba da noma a matsayin mai aro.

Na je wurin Kadidiya da niyyar mu kai ƙara kotu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta tambaye ni wa ya aike ni. Ta ce shekara da shekaru Ciɗo yana wucewa ta gefen itatuwan nan yana kau da kai, babu wanda ya ƙirga su sai da na yi jawabi. Ta ce ni in an gama shari'a zan hau mota in koma Tawa, ita kuwa rijiya ɗaya za ta ci gaba da sha da matan Ciɗo. Ta hana ni zuwa kotu. Abin da take so kawai a bar mata gawonta, domin ƴaƴansa ke riƙe awakinta da rani.

Ban janye ko harafi ɗaya daga aƙidata ba. Ƙasar ta cancanci zama tata, kuma zan mutu a kan wannan ra'ayi. Amma na yarda na yi magana a kan haƙƙin mutum ba tare da na tambayi mai haƙƙin ba, kuma ita za ta ɗauki nauyin gaggawata. Abin takaici shi ne duk dokokin da na haddace a jami'a ba su iya tsayar da gatari guda. Kai kaɗai za ka iya, domin kai ne babba, kuma Baba Ciɗo bai taɓa tsallake maganarka ba. Ban roƙe ka ka mallaka mata gonar yanzu ba, ko da yake da haka adalci zai cika. Ka ce masa kawai ya bar itatuwan a tsaye.

Ranar Asabar da safe zan kasance a fakon. Na yi wa Kadidiya alkawarin ba zan buɗe baki ba, kuma ka san babu abin da ya fi wannan wuya a gare ni. Wayata tana hannuna, zan tsaya kusa da Baba Ciɗo yadda in ka kira, miƙa masa ita ba zai ɗau lokaci ba.

Ka gaida mini Inna Sadiya, da Anas, da Fatimata mai shirin jarrabawa, Allah Ya ba ta sa'a. Inna da Maryam suna gaishe ka ƙwarai. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka mai jiran kiranka,
Faruk