Ƙarfen da ke jikin darbejiya

Yaya Bitrus,

Gaisuwa da fatan kana hutawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana da rai ma ni zan karanta maka, ka ce in rage manyan kalmomi.

Gida lafiya. Matarka Saratu ta samu gyaɗa sosai bana. Akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu, duk sun ɗauko halinta. Hanyar Gwaram tana nan yadda ka bar ta, masu alkawarin gyara ta ma suna nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka san na daina shiga coci tun da aka naɗa yaron da na koya wa karatu a Birnin Kudu dattijon ikilisiya, aka tsallake ni. Abin da ba ka sani ba shi ne, duk safiya ina farke da agogo a hannu, ina jiran ka makara. Kai da ba ka da agogo, sai dai ka dubi gabas ka je ka buga tsohon ƙarfen tayar motar nan da ke rataye a darbejiya, ka kira mutum bakwai addu'ar safe da ƙarfe shida. Ina so in kama ka ko sau ɗaya, in nuna maka kai ma banza kake wahala. Na tambaye ka amfanin abin, ka ce ba ka san ranar da Ubangiji zai dawo ba, gara ya tarar da kai a bakin aikinka. Na yi dariya, na kawo maka bayani har da tarihi.

Ranar da shida ta wuce ban ji ƙarfe ba, murna na yi, Yaya. Na sa takalmi na fito in yi maka tsiya. Na same ka zaune a gindin bishiyar, guduma a cinyarka, ka riga ka tafi. Wa ya kama wani?

Mako uku ƙarfen bai yi ƙara ba. Fasto ya roƙe ni in karɓa, na ce ya nemi dattijonsa. Sai Hajiya Ladi mai ƙosai ta tare ni a hanya, ita da ba a cocinmu take ba. Ta ce da bugunka take ɗora mai a wuta, yanzu masu tafiya gona suna wucewa ba ta gama suya ba. Ta ce wai mai karatu ne ni, amma ƙarfe ɗaya ya gagare ni.

Washegari na ɗauki gudumarka.

Kada ka yi dariya. Da agogona da komai, sau uku na makara a wata ɗaya, kuma duk sau ukun Hajiya ta sanar da ni da babbar murya. Yaya aka yi ka shekara talatin kana bugawa? Ba ka gajiya ne? Ba ka taɓa yin fushi da kowa ba?

Da farko ina bugawa in koma gida. Daga baya na riƙa tsayawa a ƙofar coci. Jiya na zauna a bencin ƙarshe, kuma ɗalibin nawa ne ya yi addu'a. Ya yi kuskure biyu a karatu. Ban gyara masa ba.

Har yanzu duniya ba ta burge ni, kada ka ɗauka na shiryu gaba ɗaya. Amma in aka zo kirana gobe, an san inda za a same ni da ƙarfe shida.

Sai na iso.

Ƙaninka mai yawan bayani,
Ishaya