Fuskata a Littafin Ɗalibai

Busan, Oktoba 1984

Baban Hyang-mi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan zafin Libiya bai kwantar da kai ba. Yaya ciwon bayan? Mu nan da sauƙi, in ban da abin da zan gaya maka. Nemi wuri ka zauna tukuna.

Ka san ƙananan littattafan zanen nan da ɗalibai ke bugawa a ɓoye, babu sunan mai zane, suna miƙa wa juna a ƙarƙashin riga? To, ɗaya ya cika gari. Labarin wata mai sayar da kifi ne, tana zagin sojoji, tana marin janar da jelar kifi. Ni ban taɓa ganinsa ba.

Ranar Talata 'yan sanda suka ɗauke ni daga kasuwa, suka buɗe shi a gabana. Baban Hyang-mi, ni ce! Ga tawadar Allah a haɓata, ga wushiryata, har da zagin da nake yi in ana labarai a talabijin, wanda ban taɓa yinsa a waje ba. Nan take na gane hannun 'yarmu. Wai masu wannan zane sai sun sami fuskar gaske suke kwafa, ita kuwa sakarya duk fuskokin Busan ta rasa wadda za ta ɗauka sai ta uwarta.

Babban 'yan sandan ya ce, "Inna, wa ya san ki haka, har cikin ɗaki?" Ka san yadda ɗalibi ke fitowa daga hannunsu, in ma ya fito. Yarinyar nan ba za ta iya ba.

Sai na ji bakina yana cewa, "Wa kuwa, in ba ɗan banzan mijin nan nawa ba! Ya zana ya sayar kafin ya tafi." Kai da ko ƙwai ba ka iya zanawa ba. Na zage ka tas har suka gaji suka sake ni, amma sun rubuta sunanka.

Hyang-mi na ƙauye wurin yayarka, sai kuka take yi.

Na san ka ƙagu ka ganmu, ni ma haka. Ka yafe mini, ka sabunta kwangilarka. Kada ka dawo bana.

Matarka mai kewarka,
Dok-sun