Hagun da Na Koya wa Rubutu

Gombe, 3 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Malam Titus,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Mama Juliana da yara.

Malam, har yau ban farfaɗo ba. A ce takardar ƙara marar suna, wai kana shiga aji a buge, ita za ta raba ka da aikin shekara ashirin da biyu? An ce in riƙe kujerarka ta hedimasta, na karɓa ne don kada baƙo ya zauna a kai. Allah ya tona asirin mai wannan aiki.

Ɗalibinka,
Aƙilu

Bolari, 10 ga Nuwamba

Aƙilu,

Muna lafiya, na gode. Addu'arka ta karɓu da wuri.

Jiya wani akawu ya nuna mini takardar. Da hagu aka rubuta ta don a ɓad da sawu, sai dai mai ita ya manta abu guda. Kana aji huɗu ka faɗo daga motar auduga, hannun dama ya karye. Wata uku kana zuwa gidana da yamma, ina riƙe da hagunka muna jan baƙaƙe, Juliana tana ba ka kunu. Ranar da aka kwance ɗori sai ga hannun daman ya fi yadda yake a da iya rubutu, alhali wata ukun nan bai taɓa alli ba. Har na ce maka hannu biyu malaminsu ɗaya, abin da ɗaya ya koya ɗan'uwansa ya ji.

Shi ya sa rubutun hagunka da na damarka kamar an tsaga kara. Ni na koya wa hagun nan rubutu, Aƙilu, kuma ko a cikin dubu zan gane ta. Ban taɓa ɗanɗana giya ba, ka sani, a gabana ka girma. Raina ya ɓaci ƙwarai.

In na zalunce ka, rubuto mini da hagu cewa ba kai ba ne. Layi ɗaya ya isa, zan zo har ofis in roƙi gafara.

Titus

Gombe, 21 ga Nuwamba

Malam,

Gaisuwa da ladabi. An kawo mana sabuwar tafireta a ofis, da ita na buga wannan, domin kwana biyun nan hannuwana duka suna ciwo. A gaida Mama.

Aƙilu, Hedimasta

Bolari, 22 ga Nuwamba

Hedimasta,

Amsarka ta iso, na gane. Juliana ta ce kada ka ƙara gaishe ta. Allah ya ba hannuwan lafiya.

Titus